Ranar da Alhamdu Ya Daina Atishawa

Duk wanda ya taɓa bi ta layin masu gyare-gyare, can bayan tashar mota, ya san shagon Alhamdu ko da bai taɓa shiga ba. Kunne ke kai mutum wurin. Tun kafin ka hango tsofaffin kujerun kushin da aka jingine a ƙofa za ka ji atishawa, ba ɗaya ba, ba biyu ba, a jere, kowace da hamdalarta a baya. Daga nan sunan ya fito, har ya binne na yanka. Mai walda da ke maƙwabtaka da shi ya yi shekaru yana amsa masa da addu'a, da ya gaji sai ya koma yin ta sau ɗaya da safe, ya ce Alhamdu ya lallaɓa ta ta kai shi yamma.

Haka aka haife shi, ba wai daga baya ya ɗauko ba. Tun yana goye, in aka kwantar da shi kan sabon bargo sai jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu. Gyaɗa ta kumbura masa leɓe, ƙwai ya sa shi susa har ya ji wa kansa ciwo, in kuwa kyanwa ta gitta ɗaki, idanunsa su kaɗa su yi jawur, ƙirjinsa ya kama kuka kamar usur. Mahaifiyarsa ta ce borin jini ne. Likitoci daga baya suka ce aleji ne da asma. To, cikin duk sana'o'in da Allah ya halitta, wacce bawan Allahn nan ya kama? Gyaran kujera! Mutumin da ƙura ke neman ransa, shi ne ya ƙare yana farke tsofaffin kujeru, inda ƙurar gidajen mutane ta shekara da shekaru ke kwance tana jiransa. In an yi masa magana sai ya ce shi bai zaɓa ba, kawunsa ne ya koya masa, hannu kuma ya riga ya faɗa.

Hannun kuwa ya faɗa, wannan ba gardama. Zai kifa kujera, ya bi ƙusoshinta ɗaya bayan ɗaya da ɗan ƙarfe mai baki biyu, ya yaye tsohon yadi, ya ƙwanƙwasa katakon ya ji ko gara ta ci. Ya ja sabbin robobi, ya yanka soso da doguwar wuƙa, ya hau keken ɗinki ya ɗinka mata riga, sannan ya ja ta jikin kujerar har sai ba tattara ko ɗaya. Ƙyalle a ɗaure a hanci, abin shaƙarsa na asma a aljihun gaba. Doka ɗaya gare shi da ko gwamna bai isa ya sa ya karya ba: ba ya taɓa kujerar gidan da ake kiwon kyanwa. Da an sauke kaya zai sunkuya ya dubi gefe da ƙafafu, in ya ga yagar farce sai ya ja da baya ya ce a gwada shago na gaba.

Da wannan aikin ya yi aure, ya kama ɗakuna biyu a saman wani bene, ya tarbiyyantar da 'ya'yansa. Babbarsu mace ce, sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai Mamana. Ta yi karatu ta zama malamar makaranta, ita ce mai karanta masa takardar magani, ita ce kuma kaɗai in ta ce masa zauna yake zama.

Yana da wa guda ɗaya, direban babbar mota, ƙato, mai ci da kyau, wanda ko mura ba ta san hanyar gidansa ba. In Yaya ya dawo daga tafiya sai ya tsaya a ƙofar shago ya cika ta, ya jira atishawar ta lafa, ya ce, "Kai dai, ƙanena, ni zan binne ka. Mutumin da filo ke kayarwa!" Su yi dariya. Alhamdu kansa ya yarda da haka, don bai taɓa kawo wa ransa wani tsari daban ba.

Sai ga shi Yaya ne ya kwanta. Ciwon ciki ne da farko, sai rama, sai aka ce ciwon dajin hanji ne, kuma ya riga ya bazu. Alhamdu ne ya yi jinyarsa. Shi ke tallabarsa zuwa banɗaki, shi ke wanke shi, shi ya ga yadda mutumin da ke cika ƙofa ya koma ana ɗaga shi da hannu ɗaya. Abin da ya gani a ɗakin nan bai taɓa faɗa wa kowa ba, ko matarsa. Ya dai fito daga jinyar da wani tsoro da bai san da irinsa ba, shi da ya yi rayuwarsa kaf yana kokawa da numfashi.

Kafin su bar asibiti likitan Yaya ya ja shi gefe. Ya ce irin wannan ciwo yakan bi dangi, don haka ya kamata shi ma a duba shi, ko da ba ya jin komai. Ya yi masa bayanin gwajin: a wanke ciki, a zura siririyar roba mai kyamara ta ƙasa, a leƙa hanjin. Alhamdu ya ce to. Amma a zuciyarsa, tabɗi! Kunya ta taso ta gefe guda, ta ɗaya gefen kuma abin da ya fi kunyar, wato a leƙa ɗin a gani.

Bayan rasuwar Yaya, Alhamdu ya daina cin abincin kirki. Ya zauna a shago da wuƙar soso a hannu yana kallon bango. 'Yarsa ta ga uban nata zai narke a gabanta, ranar wata Asabar ta zo ta zauna kan wata kujera da ba a gama ba, ta fito da wayarta.

"Baba, bari in faɗa maka wani abu da na karanta. Wasu masu bincike sun ce sun lura masu aleji da asma, irinka, kamar ba su cika kamuwa da wannan ciwon kamar sauran mutane ba. Wai suna zaton jikin da ke saurin tada faɗa da ƙura, wataƙila yana saurin ganin mugun abu ma tun yana ƙarami."

Ya ajiye wuƙar. "Mamana, sake faɗa."

Ta sake faɗa. Sannan ta ƙara da cewa, "Amma fa ba tabbas ba ne, Baba, wasu sun bincika ba su ga haka ba. Gwajin nan dai sai ka yi shi."

Ina! Wannan ta biyun ko ƙofar kunnensa ba ta kai ba. Ta farkon ta riga ta shige ta kulle. Ashe abin da ake yi masa dariya a kai tun yana yaro, maigadi ne Allah ya ba shi! Ashe shi ya sa Yaya, da bai taɓa atishawa ba, ya tafi, shi kuma yana nan! A ranar ya ci abinci har da neman ƙari. Matarsa ta yi ta sa wa 'yar albarka. Maganar gwaji kuwa, duk sanda aka tayar sai ya ce bari ya gama kujerun da ke hannunsa, kujeru kuma ba sa ƙarewa a shagon mai gyaran kujera.

Shekara ta juyo, ta wuce. Wata safiya ya ga jini a banɗaki. Ya dafa bango. Yana nan tsaye sai atishawa ta zo masa, ya yi ta, ya yi hamdala, hankalinsa ya kwanta. Basir ne, ya ce wa kansa, mai zama kan benci yini guda ai dole. Ya sayi maganin basir a kemis ya ɓoye a shago, bayan tulin soso.

Jinin bai tafi ba. Yakan ɗauke ya dawo. Cikinsa ya rikice, yau a ɗaure gobe a sake. Wandonsa ya fara zamewa, ya ɗauki abin huda fata na aikinsa ya ƙara wa bel ɗinsa rami, daga baya ya ƙara wani. Hawa benen gidansu ya koma sai ya huta a tsakiya, ya yi kamar yana neman makulli a aljihu. Matarsa ta ce ya rame, ya ce aiki ne. Duk wannan yana ganinsa, ba makaho ba ne, ya kuma san inda ya taɓa ganin irinsa. Amma kullum da safe in ya farke kujera atishawa ta zo, sai ya ce maigadi na nan, bai yi barci ba. Da wannan yake kai yamma.

Mai walda ne ya fara lura. Ya ɗage gilashin fuskarsa ya leƙo shagon.

"Alhamdu, lafiya kuwa? Kwana biyu layin nan shiru. Addu'ata ta safe tana ta taruwa, ba mai amfani da ita."

Alhamdu ya yi dariyar yaƙe. Da maƙwabcin ya koma bakin aikinsa, sai ya zauna ya yi tunani. Yau bai yi ba. Jiya ma bai tuna ya yi ba. Shekaranjiya fa? Wani zai ce ai abin murna ne, mutum ya huta da wahalar da ya sha tun yana jariri, kuma irin wannan lalura takan lafa ta taso, ba sabon abu ba ne. Shi ba haka ya gani ba. Shi abin da ya gani, maigadi ya tattara kayansa ya gudu, kuma ba ya gudu a banza.

Ya kwance ƙyallen hancinsa ya jefar. Ya ɗauko tsohon soso da ya ruɓe ya bubbuga shi a gaban fuskarsa. Ƙura ta tashi, ya shaƙa, ya jira. Hanci ya ɗan yi ƙaiƙayi, ido ya kawo ruwa, shi ke nan. Washegari ya share ƙarƙashin teburin ɗinki da hannu, inda tsintsiya ba ta taɓa zuwa ba. Ya yi tari, bai yi atishawa ba. Ya tsaya gaban mai sayar da gyaɗa har mutumin ya tambaye shi ta nawa, ya kasa saya, ya wuce. Dattijo mai furfura, mai surukai, yana yawo yana farautar atishawa! Abin dariya ne in ba ka ga idanunsa ba. A gida ya daina hira. In matarsa ta taɓa shi sai ya zabura, ga zufa tana keto masa ko da fanka na juyawa.

Ana cikin haka wata mata ta zo da mota aka sauke doguwar kujera mai cin mutum uku. Ko sunkuyawa bai yi ba ya ga gefenta a yayyage, ga farin gashi ya manne a kowane lungu.

Matar ta ce, "An ce mini ba ka karɓar irin wannan. Kyanwowina ne suka lalata ta, a nan suke kwana."

"A shigo da ita," in ji Alhamdu.

Mai walda ya bi kujerar da kallo, ya bi Alhamdu da kallo.

Da rana ta take, layin ya ɗan yi tsit, kowa ya tafi cin abinci, Alhamdu ya ja ƙofar shagonsa ya sa sakata. Zafi ya sa ya cire rigarsa ta sama ya rataya a ƙusa can bakin ƙofa, abin shaƙar yana cikin aljihunta. Ya durƙusa gaban kujerar. Ya san abin da kyanwa ke yi masa, ya fi kowa sani, amma tsoron da ke cikinsa ya fi wannan girma. Ya cusa fuskarsa cikin lungun kujerar, inda gashin ya fi yawa, ya ja numfashi har ƙasan ƙirji. Ya sake ja.

Atishawa ba ta zo ba. Ƙirjin ne ya amsa. Ya ji kamar an ɗaure shi da robar da yake ja wa kujeru, ana ƙara tamkewa. Iska ta shiga da ƙyar, ta ƙi fita. Ya miƙe zai nufi rigar, shagon ya juya masa, tsakaninsa da ƙusar nan ya zama tafiya mai nisa. Ya kama teburin ɗinki, teburin ya biyo shi, keke da almakashi da gwangwanin ƙusoshi suka zube ƙasa da ƙara. Yana kwance yana ganin hasken rana ta ƙasan ƙofa, yana son ya kira wani, babu iskar da zai yi kiran da ita. Abin da ya zo masa a rai shi ne, wayyo, zai mutu a kulle, kuma ba wanda zai san dalili.

Ƙarar ce ta cece shi. Mai walda bai tafi cin abinci ba, hankalinsa bai kwanta da kujerar nan ba. Ya buga ƙofa, ya kira, ya ji shiru, ya ɗauko guduma ya ɓalle sakatar.

A asibiti aka sa masa iska, aka yi masa allurai, numfashi ya dawo. Matarsa na zaune a gefen gado, ta yi kuka har ta gaji. Da yamma wata likita ta shigo, ta ja kujera ta zauna.

"Baba, ƙirjinka ya yi sauƙi. Amma mun auna jininka, ya yi ƙasa ƙwarai, kuma ba asma ke kawo wannan ba. Kana zubar da jini ta wani wuri?"

Ya dubi silin. Ya dubi matarsa. Ya so ya ce a'a, bakinsa ya ƙi.

"Ina gani a banɗaki."

"Tun yaushe?"

"An daɗe."

Matarsa ta dafe ƙirji. "An daɗe? Baban yara, an daɗe? Ina kwana ɗaki ɗaya da kai? Kai da ka yi jinyar Yaya da hannunka?"

Likitar ta tambayi wane ne Yaya, aka gaya mata. Ta tambayi abin da ya kai fuskarsa cikin kujerar kyanwa, shi da ya san jikinsa. Nan fa ya faɗi komai, kansa a sunkuye, tun daga abin da 'yarsa ta karanta masa har zuwa sakatar. Likitar ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi faɗa ba.

"An yi irin wannan binciken, gaskiya ne," in ji ta. "Wasu sun ga ɗan bambanci, wasu ba su gani ba. Ko waɗanda suka gani, maganar dubban mutane suke yi in an haɗa su wuri ɗaya. Ba wanda ya yi wa mutum ɗaya alkawari. Masu asma ma suna kamuwa, Baba. Wanda kuma ɗan'uwansa ya yi ciwon, ga jini yana gani, ba ya jira."

Aka yi gwajin da ya yi ta gudu. Abin haushi, bai ma san an yi ba, allura aka yi masa ya yi barci, ya farka an gama. Kunyar da ya ɗauka a kai shekara da wani abu, ko minti ɗaya bai ji ta ba. Sai dai an leƙa, an kuma gani. Da sakamako ya fito likitar ta ce ciwon ne. Ta ce hotuna ba su nuna ya kai hanta ko huhu ba, za a yanke wurin, wataƙila a biyo da magani, akwai fata sosai. Matarsa ta tambaya, da ya zo tun lokacin da aka ce ya zo fa? Likitar ta ce da wataƙila aikin bai kai haka ba, amma yanzu abin da ke gabansu za su duba.

Ana gobe za a shiga da shi tiyata, 'yarsa ta zo da la'asar, daga makaranta kai tsaye, da ƙurar alli a hannun rigarta. Tun da aka kwantar da shi kullum tana zuwa, amma ba ta yarda su haɗa ido, sai ta yi ta gyara abin da ba ya bukatar gyara. Uwarta ta riga ta gaya mata komai. Ranar uwar ta fita karɓo magani, aka bar su su biyu. Ta buɗe jakar kayansa tana ninke riguna a ƙarshen gado.

Shi kuwa tsoro ya cika shi fal. Yana tsoron allurar barcin, yana tsoron wuƙar, yana tsoron a buɗe a ga abin da hoto bai nuna ba. Yana so ya ce mata ta matso kusa, ya rasa ta inda zai fara.

Ita ce ta yi magana, ba ta ɗago ba.

"Baba, maganata ce ta hana ka zuwa?"

"Haba, Mamana. Wace irin magana ce wannan? A'a."

"Ka rantse."

Ya buɗe baki. Da wata rana ce da ya rantse mata ya huta, ya nemi gafara daga baya. Amma gobe da safe za a kwantar da shi a yanka cikinsa, bai san ko zai tashi ba, ba zai tafi da rantsuwar ƙarya a bakinsa ba. Ya rufe bakin. Ta ɗago ta dube shi, karo na farko tun da ya kwanta.

"Magana biyu kika faɗa mini," in ji shi a hankali. "Ni na zaɓi ɗaya na bar ɗaya. Tsoro ne, Mamana. Da ma wurin ɓuya nake nema."

"Ni kuma na ba ka."

"Don in ci abinci kika faɗa. Na kuma ci."

"Da ban faɗi ta farkon ba fa, Baba? Da ka je?"

Ya nemi amsa, wallahi ya nema. Wataƙila da ya je, wataƙila da ya samo wata dabarar. Bai sani ba, ita ma ta ga bai sani ba. Ya miƙa mata hannun da babu allura a jiki. Ta ajiye rigar da take ninkewa, ta kama hannun da nata biyu, ta kifa goshinta a kai, kafaɗunta suka fara girgiza. Ya ji hannun nata sanyi ƙalau, ya fi nasa.